Yadda ake tara ƙananan sojojin ado da dayorama, da yadda zaka gane mai kyau kafin ka biya

Duk wanda sha'awar tara ƙananan mutum-mutumin sojoji ta kama shi, abin da ke fara cinye masa kuɗi shi ne kwali. Zanen da ke jikin kwalin ƙwararren mai zane ne yayi shi, hayaƙi na tashi, tanka na ratsa laka, sojoji fuska a murtuke, sai ka buɗe ka tarar abin da ke ciki fuskarsa a shafe, hannu ya fi kai girma. To maganar da zan yi ta nanatawa a nan guda ɗaya ce, ingancin ɗan sojan nan yana ƙarƙashin fenti, a wajen sassaƙa da zubi, in can ya lalace babu fentin da zai ceto shi. Dayorama kuma, wato ƙaramin filin da ake ginawa a kan katako a jera sojoji da motoci da gini a ciki, ingancinta shi ne ka kalla ka gane abin da ke faruwa ba sai an yi maka bayani ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Mataki na farko, tsayar da sikeli da zamani

Kafin ka sayi ko guda ɗaya ka zauna ka yanke shawara a kan girman da zaka riƙa tarawa. Sikeli shi ne sau nawa aka rage girman mutum na gaske. Mutum mai tsawon santimita 175 in an mayar da shi 1/35 zai dawo santimita 5, a 1/72 kuma bai kai santimita 2 da rabi ba, a 1/48 wajen 3.6, a 1/32 shi ne wanda ake kira milimita 54, wanda shi ne girman gargajiya na sojojin wasa. Akwai 1/30 da ake cewa milimita 60, irin wanda King & Country na Hon Kon ke yi da fentinsa da komai, akwai 1/16 da ake sayarwa da sunan milimita 120, sannan ga milimita 28 na masu buga wasan yaƙi a kan tebur, irin na Perry Miniatures da Warlord Games da ke Notingham a Ingila.

In dayorama ce a ranka, musamman ta yaƙin duniya na biyu, ni dai 1/35 zan ce ka kama. Kamfanin Tamiya na Shizuoka a Japan ne ya yaɗa wannan girman, asalinsa ma wata tankar Panther ce mai inji da suka fitar a 1961, an yi girmanta ne dan batir ya samu wajen zama a ciki, da aka auna sai ta faɗo 1/35, shikenan sauran kamfanoni suka bi. Yau kusan duk abin da kake nema akwai shi a wannan girman, daga tanka har bokiti da keke da kajin ƙauye, MiniArt da Master Box da ICM na Yukren, Dragon, Zvezda na Rasha, Italeri na Italiya, kowa na yi. In kuma rundunoni kake so ka gani a jere, ɗaruruwa a fili ɗaya, kuma ɗakinka ba shi da faɗi, 1/72 ne naka.

Wani abu da ke rikita sababbin shiga, in an ce milimita 28 ko 54 ba kowane kamfani ke awo iri ɗaya ba, wasu daga tafin ƙafa zuwa ido suke aunawa wasu zuwa tsakar ka, dan haka sojoji biyu masu lamba ɗaya a kwali zasu iya tsayawa kusa da juna ɗaya ya kere wa ɗaya sosai. Tsohon Airfix ma da ake haɗawa da 1/72 da yawansu 1/76 ne. Bambancin tsawo shi kaɗai ba matsala ba ne tunda mutane ma ba tsawonsu ɗaya ba, amma bindiga da hular kwano da gorar ruwa a masana'anta ɗaya aka ƙera su, in bindigar wannan ta fi ta wancan tsawo ido zai kama nan take.

Zamani ma haka, ka ɗauki ɗaya. Yaƙoƙin Napoliyon, ko Rumawa, ko yaƙin duniya na farko, ko ma fage guda kamar hamadar Arewacin Afirka a 1942. Amfanin haka ba tsimin kuɗi kawai ba ne, sai ka san zamani ɗaya ciki da bai sannan idonka zai iya kama kuskure.

Mataki na biyu, san abin da aka yi shi da shi

Wannan ba zan ja shi ba sosai amma kowane abu da irin cutarsa. Filastik mai tauri, wanda ke zuwa a jikin firam kana yankowa kana haɗawa, yana karɓar gam da fenti lafiya lau, shi ya fi dacewa da mai farawa. Roba mai laushi irin ta tsofaffin Airfix ƙanana tana lanƙwasa, fenti na ɓarewa a jikinta musamman a bakin bindiga, gam ma ba ya kama ta da kyau, kuma wasu in sun tsufa sai su bushe su riƙa karyewa a idon sawu. Rezin, wato wani ruwan roba da ake zubawa a mazubi ya daskare, ya fi kowa fito da ƙananan abubuwa, ƙofar maɓalli, ɗinkin aljihu, jijiyar bayan hannu, amma yana da saurin karyewa kuma ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu, in zaka goge shi ka jiƙa shi da ruwa ka rufe hanci. Farin ƙarfe, wanda haɗi ne da kuza ta fi yawa a ciki, yana da nauyi a hannu, takobi da mashi kan lanƙwashe amma ana iya miƙe su a hankali.

Sai tsofaffin kaya. A 1893 William Britain ƙarami a Landan ya fito da dabarar zuba dalma a mazubi a juya a zubar da ta tsakiya tun bata daskare ba, sai soja ya fito da rami a ciki, ba nauyi, ba cin dalma da yawa, shi yasa zaka ga ɗan ƙaramin rami a saman kan yawancinsu. Kamfaninsa, wato Britains, ya daina irin wannan na dalma a 1966. A Jamus kuma akwai Elastolin da Lineol, su garin katako ne da gam da farar ƙasa aka matse a kan waya, in danshi ya shiga wayar ta yi tsatsa ta kumbura sai jikin ya tsage. Akwai kuma shafaffun nan na kuza na Nurembag, masu milimita 30, fale-fale, wanda gidan tarihin Plassenburg a garin Kulmbach ke da sama da 300,000 na irin kayan kuzar nan.

Mataki na uku, duba sassaƙa, nan ne gaba ɗaya zancen yake

Ka tanadi gilashin ƙara girma, ƙaramar tocila, da rula mai milimita. Tocilar kar ka haska ta gaba-da-gaba, ka kwantar da ita ta gefe yadda haske zai shafi jikin, nan ne kowane tudu da kwari zai yi inuwa ka ga gaskiyar aikin.

Fara da tsayuwa, daga nesa, tun kafin ka ɗauki gilashi. Shin mutum na iya tsayawa haka? Wanda ya tsaya a huce nauyinsa na kan ƙafa ɗaya ne, ƙugu ya ɗan karkace, kafaɗa ta karkata ɗaya ɓangaren. Wanda ke ɗauke da babbar bindiga ko akwatin harsashi dole jikinsa ya rinjaya ya nuna kayan na da nauyi, kafaɗar ta sauka, wuyan ya ɗaure. Mai gudu gangar jikinsa na gaba da ƙafarsa. In ka ga soja a sandare, ƙafa biyu a ware daidai wa daida, hannu an maƙala kamar ba nasa ba, to mai sassaƙar bai kalli mutane ba, kuma duk sauran aikin zaka samu haka yake.

Sai ka auna kai. Jikin baligi tsawonsa kai bakwai da rabi ne ko kusa da haka, gwiwar hannu tana daidai da ƙugu, yatsu in an saki hannu suna kaiwa tsakiyar cinya. A 1/35 da milimita 54 zuwa sama ka tsananta a kan wannan. A milimita 28 na wasa da gangan wasu kamfanoni ke ƙara girman kai da hannu da makami dan a gansu daga nesa kuma kar su karye a hannun 'yan wasa, wannan salo ne ba aibi ba, sai dai kar ka haɗa su da masu jiki na gaske a fili ɗaya.

Yanzu ɗauki gilashi ka je fuska. Ina so in ga fatar ido ta sama, ƙashin kunci, ramin da ke tsakanin hanci da leɓe, kunne mai lungu ba dunƙule ba. Sannan fuskar ta dace da abin da jikin ke yi, ba mutum na cikin ruwan harsashi fuskarsa kamar yana jiran a ɗauke shi hoto ba. In kwalin na da mutum biyar ka jera kawunan, in duk fuska ɗaya ce an yi maka ha'inci. Saboda wannan matsalar ne ma ake sayar da kawunan rezin daban, irin na Hornet, mutane na yanke na filastik su dasa su.

Hannu shi ne inda ake kama mai sassaƙa. Ƙirga yatsu, da gaske nake, ka ga sun rabu ko an dunƙule su. Ka duba yadda ya riƙe bindiga, yatsu sun naɗe ta ko kuwa tana shawagi a saman tafin hannu da rata a tsakani. Masu rezin na kirki irin Alpine sukan zuba hannun tare da makamin a haɗe saboda riƙon ya zauna daram, wannan alama ce ta kamfanin da ya damu.

Sai tufafi, kuma wallahi nan na fi daɗewa in ina duba soja. Lanƙwasar yadi ba a yinta barkatai, tana tasowa ne daga inda aka ja ko aka matse, hammata, gwiwar hannu, bayan gwiwa, ƙarƙashin bel, inda igiyar jaka ta danne kafaɗa. Kuma kowane yadi da halinsa, babbar kwat ta ulu mai kauri lanƙwasarta kaɗan ce kuma manya, rigar auduga ta hamada tana yamutsewa ƙanana-ƙanana da yawa, fata kuma tana karyewa da kaifi. Kamar dai yadda tela ke gane yadi daga yadda ya zuba a jikin mutum tun bai taɓa ba, haka ya kamata ka gane abin da sojan ya sa tun ba a shafa masa launi ba. Bel da igiyoyi su nutse cikin rigar kaɗan, jaka ta rataya tana bin ƙasa, aljihun da aka cika ya kumbura. In kayan duk sun manne a jiki sumul kamar an zana su, aikin gaggawa ne.

Mataki na huɗu, duba zubi, ka kuma kiyayi jabu

Sassaƙa na iya yin kyau zubi ya ɓata ta. Kowane soja yana da siririn layi a inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu, wannan dole ne, ana kankare shi da bayan wuƙa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ɓarin biyu su goce, sai ka ga rabin fuska ya fi rabi tudu, wannan in ka kankare ka cinye hancin. Ka duba ɓallin filastik da ya tsiyayo a gefe, yawansa na nuna mazubin ya tsufa. A filastik ka nemi ɗan lotsawa a wurare masu kauri kamar baya da jaka, da kuma tabon da'ira da fil ɗin da ke turo kaya waje daga mazubi ke bari. A rezin kumfar iska ce abokiyar gaba, ta fi son ƙarshen hanci, haɓa, yatsu da bakin hula. Wanda aka buga da injin 3D kuma ka kwantar da tocila a kan hular kwano ko kafaɗa, in ka ga layi-layi kamar matakala to fenti ba zai ɓoye su ba, ƙara fito da su zai yi.

Jabu kuma ya cika kasuwar intanet, mutum ya sayi na asali guda ɗaya ya kwafi mazubi daga jikinsa ya riƙa zubawa. Alamunsa, yakan ɗan fi na asali ƙanƙanta saboda kowane kwafi na tsukewa, kaifin abubuwa ya dushe, wani lokaci zaka ga layin zubi biyu, na asali da na ɓarawon, rezin ɗin na da maiƙo ko wari mai ƙarfi, ba kwali ko kuma hoton kwalin dishi-dishi, kuɗin kuma ya yi arhar da hankali ba zai ɗauka ba. Ni bana saye kuma bana ba kowa shawara ya saya, yawancin masu rezin ɗin nan ƙananan kamfanoni ne na mutum biyu uku, mai sassaƙa ya ɓata makonni a kan soja ɗaya, in aka kashe masa kasuwa mu ne zamu rasa sabon aiki gobe.

In ta hoto zaka saya ka nemi a turo maka gaba, baya, gefe biyu, ƙarƙashin gindi, da fuska kusa-kusa, a hasken rana, da rula a gefe. Wanda ya ƙi, ko ya turo maka hoton kamfani maimakon na kayan da ke hannunsa, bar masa abinsa, zaɓen tumun dare ne.

Mataki na biyar, fenti

Da farko ka gane salo biyu ne kuma ba a auna ɗaya da mudun ɗaya. Akwai na gargajiya mai ƙyalli, launi a shimfiɗe, ɗigo biyu a ido, jan kunci, irin na Britains. A nan abin dubawa tsafta ce, layin bel bai haura kan riga ba, launi ya rufe ko'ina, sahun ya zama bai ɗaya. Sai kuma na zahiri mara ƙyalli, mai inuwa da haske, shi ne ake sawa a dayorama.

A na zahirin ka tambayi kanka daga ina haske ke zuwa. Mai fenti nagari yana ɗaukar cewa daga sama yake, dan haka saman kafaɗa da goshi da ƙashin kunci da tudun kowace lanƙwasa sun fi haske, ƙarƙashin haɓa da hammata da cikin lanƙwasa sun fi duhu, kuma daga duhun zuwa hasken a hankali ake tafiya ba a yanke ba. Ido kuma, a 1/35 ƙwayar ido bata kai rabin milimita ba, mutum a waje cikin rana ma runtse ido yake, dan haka siririn layi mai duhu ya fi farin ido ƙwala-ƙwala da ɗigo a tsakiya. Fenti kar ya yi kauri har ya cike ramin maɓalli. Yadi kar ya yi ƙyalli, fata ta ɗan yi sheƙi kaɗan, ƙarfen bindiga baƙi-baƙi ne mai ɗan haske a gefuna inda hannu ke gogawa, ba azurfa fes ba. Tambarin da ake mannawa a jikin tanka ka karkata shi ga haske, in gefensa na walƙiya fari-fari iska ce ta maƙale a ƙasa.

Tsofaffin dalma kuwa dokarsu daban, fentin asali ko da ya ɗan ɓare ya fi sabon fenti daraja a wajen masu tarawa, nesa ba kusa ba. Dan haka in ka samu kar ka ce zaka gyara. In kana zargin an sake shafawa duba ko sabon launi ya hau kan tsohon tabo, ko ya shiga mahaɗar hannun da ke motsi ya daskarar da ita, fitilar UV, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, ma takan nuna wajen da aka taɓa da wani haske daban. Juya gindin ko cikin doki ka karanta sunan kamfani, kuma kwalin asali da takardarsa suna ƙara daraja sosai, kar ka yar.

Mataki na shida, tarihi ya zauna daidai

Nan amfanin riƙe zamani ɗaya ke fitowa. Sojan Faransa na watan Agustan 1914 jan wando yake sawa da hular yadi, hular ƙarfe ta Adrian sai 1915 ta zo. Bajamushe da hular ƙarfe kafin 1916 kuskure ne. Tankokin Jamus launin toka mai duhu ne a farkon yaƙin duniya na biyu, a Fabrairun 1943 aka koma ruwan ɗorawa mai duhu a matsayin launin tushe. Panther bata shiga yaƙi ba sai a Kursk a Yulin 1943, tankar Sherman ta Amurka kuma a El Alamein a Oktoban 1942 ta fara. Shafen nan mai gurza-gurza da ake kira zimmerit a jikin tankokin Jamus daga 1943 ne zuwa Satumban 1944 aka daina. Har sarƙar ƙafar tanka ma tana magana, ta T-34 da Panther tana saukowa ta kwanta a kan tayoyi, ta Sherman kuwa a ɗame take. Ka riƙa kwatantawa da hotunan ainihi na lokacin, ba da aikin wani mai haɗawa ba, dan kuskure haka yake yawo daga hannu zuwa hannu.

Mataki na bakwai, auna dayorama kanta

Ka tsaya taku biyu baya ka kalla na ɗan lokaci kaɗan, sannan ka faɗa wa kanka a jimla ɗaya me ke faruwa. Makanikai na fama da injin da ya mutu alhali kwamanda na duba agogo. 'Yan sintiri sun ji motsi a bayan katanga. In ka kasa haɗa jimlar, abin da ke gabanka tarin kaya ne a kan katako. Sheperd Paine, Ba'amurken da dayoramominsa suka riƙa fitowa a takardun cikin kwalayen kamfanin Monogram a shekarun 1970, abin da ya sa har yau ake ambatonsa kenan, ko wanne aikinsa labari ne. Tun kafin shi ma, Kyaftin William Siborne da ya gina dayoramar filin yaƙin Waterloo ya kammala a 1838, da sojoji sama da 70,000, wanda ke gidan tarihin sojan ƙasa a Landan yanzu, bai ce zai nuna yinin 18 ga Yunin 1815 gaba ɗaya ba, lokaci guda ya zaɓa, wajen ƙarfe 7 na yamma, bayan ya yi watanni yana auna filin da kansa yana rubuta wa hafsoshin da suka halarta wasiƙu yana tambayar ina kowa yake a daidai lokacin.

Bayan labari sai ka bi idanun sojojin. Kowa na kallon wani abu ne ko wani mutum? Wanda ke nuni da yatsa akwai mai kallon inda yake nunawa? Idonka ya kamata ya sauka a wuri ɗaya da farko, sannan kallon sojojin da bakin bindigar tanka da layin hanya su zagaya da kai su dawo da kai wajen. Ka lura ko an jera komai daidai da gefen katakon, hanya miƙe, gini miƙe, tanka miƙe, wannan na sa abu ya zama a sandare, gwanaye karkatar da komai suke kaɗan. Girman katakon ma ya zama daidai da labarin, fili fetal da ba komai a kusurwa yana kashe aiki, cunkoso ma haka.

Sai ka sunkuya ka kawo idonka daidai da ƙasa. Takalmi ya nutse ko yana shawagi? Wannan shi ne aibin da na fi gani, soja a tsaye da haske na wucewa ta ƙarƙashin dunduniyarsa, ko tanka mai tan 30 zaune a kan laka ba ta bar sawu ba. Dole a ga inda ta biyo, ciyawa ta kwanta, ƙasa ta tsage. Launin ƙurar da ke jikin tanka da takalma da gwiwar wando ya zama irin na ƙasar wajen. Ginin da bam ya rushe, ɓaraguzansa su kai yawan abin da ya ɓace daga bangon, harda katakon rufi da gilashi da ƙura a kan komai, ba bulo biyar a share a gefe ba. Yanayi ya zama ɗaya, kar a ga mai babbar kwat kusa da mai naɗe hannun riga a ƙarƙashin bishiya kore shar. In akwai ruwa duba kumfa da kuma ko ya hau gefen katako ya lanƙwashe, in akwai dusar ƙanƙara ka tambaya da me aka yi, wadda aka yi da hodar girki tana komawa rawaya da daɗewa. Tsatsa kuma an cika zuba ta fiye da kima, tankokin yaƙi da yawa ba su yi tsawon ran da zasu ruɓe haka ba, ƙura da laka da tabon mai sun fi gaskiya.

Ka taɓa gefen katakon, an goge an shafe shi da kyau? Ka tambayi mai shi ko sojojin an kafa su da fil ɗin waya ta cikin ƙafa zuwa cikin katako ko gam kawai aka ɗiga, dan na gam ɗin a tafiyar farko zasu zube.

Mataki na takwas, ajiya

Akwatin gilashi ko na roba mai haske mai rufi, nesa da taga. Rana na cinye launi, ja ne ke fara tafiya, zafi kuma na lanƙwasa filastik da rezin. Ƙura da buroshi mai laushi ake ɗauke ta, ba tsumma ba, ba ruwa ba, kuma a gindi ake ɗaga soja ba a bindiga ba.

Masu dalma ku kula da wannan sosai, akwai ciwon da ke cin dalma, sai ka ga gari fari-fari ko toka-toka na fitowa ta ƙarƙashin fenti har jikin ya rududduge. Tururin asid ne ke jawo shi in ya haɗu da danshi a wuri a rufe, kuma katakon oak na kan gaba wajen fitar da wannan tururin, haka wasu gam da kwali mai arha. Dan haka kabad na ƙarfe da gilashi ya fi, a bar iska na ɗan shiga, a sa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi, a naɗe da takarda mara asid. Wanda ya kamu a ware shi a binciki wajen da aka ajiye shi, dan abin da ya kama shi zai kama sauran. Ka wanke hannu bayan ka taɓa su, kuma kar yara su kai su baki. Tayoyi da sarƙar roba mai laushi na wasu motoci ma sukan narkar da filastik ɗin da suka daɗe manne da shi, a shafa fenti ko vanish a tsakani.

Sannan ka buɗe littafi ko fayil a waya tun daga sojan farko, kamfani, lambar kaya, sikeli, wanda ya yi fenti in an sani, yaushe ka saya, duk wani gyara da aka yi, da hoto gaba da baya. Ranar da zaka yi musaya ko sayarwa, ko kayan suka yi yawa ka fara mantawa wanne ne aka sake wa hannu, wannan rubutun ne zai raba gardama.